Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma ake cin shari'a

 Zancen yau na mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ne, amma duk wanda ya taɓa kwana da waya a hannu yana jiran kiran waɗanda suka ɗauke masa ɗa ko mata, shi ma zancen nasa ne.

Idan aka tambaye ka, mai karatu, su wa ke yaƙi da 'yan bindiga, za ka lissafa soja da ɗan sanda da jirgin yaƙi, ka haɗa da jami'an tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023. Da wuya ka tuna da wani mutum da ke zaune a ofis cikin tarin takardu, ba ya riƙe bindiga, ƙila ma bai taɓa ganin dajin Rugu da idonsa ba. Wannan shi ne mai gabatar da ƙara, lauyan gwamnati da ke karɓar fayil daga hannun masu bincike ya kai gaban alƙali. Yau ina so mu duba yadda aikin wannan mutum ke iya hana harin da ba a riga an kai ba, da kuma dalilin da ya sa aikin nasa ke tsayawa cik matuƙar mu mutanen gari mun kama bakinmu.

Mu fara da abin da kowa ya sani. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan yara cikin daji a ƙafa. Ranar 17 ga watan aka sako 344. Wanda aka ce shi ne jagoran aikin, Auwalun Daudawa, ya fito a Gusau a watan Fabrairun 2021, ya miƙa makamai, ya yi rantsuwa cewa ya tuba. Kafin watan Afrilu ya ƙare ya koma daji, kuma can aka kashe shi a rikici da wata daba. Bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba. To, duk tambayoyin da iyayen yaran nan ke da haƙƙin jin amsarsu sun bi shi kabari. Ta yaya aka san shige da ficen makarantar? A ina aka sayi man da aka zuba wa baburan? Wa ya sayar da harsasan? Duk wanda ya taimaka a wannan dare kuma ba a gano shi ba, yana nan da sana'arsa, sai dai ya sauya ubangida. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Ka kwatanta da abin da ya faru a tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, inda ƙungiyar Mafiya ta daɗe tana karɓar haraji da kashe duk wanda ya buɗe baki. Lokacin da wani jigonta, Tommaso Buscetta, ya juya mata baya, sai ya zauna da mai binciken shari'a Giovanni Falcone ya zayyana masa yadda ƙungiyar take tun daga sama har ƙasa. Da wannan bayani, da kuma bin sawun kuɗi a bankuna, aka gurfanar da mutum 475 a birnin Palermo a 1986, kuma a ƙarshen 1987 aka samu fiye da 300 da laifi. Falcone ya biya da ransa, domin sun kashe shi da bam a 1992, amma ƙungiyar ba ta ƙara komawa yadda take ba. A can, wanda ya ce ya tuba sai ya faɗa wa kotu abin da ya sani kafin a sassauta masa. A nan mun karɓi bindiga mun bar bayanin a cikin mai shi, shi ya sa sau da yawa ake ƙarewa da tuban muzuru.

Doka dai muna da ita. A ƙarshen Nuwamban 2021, Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Tarayya na lokacin, Mohammed Abubakar, ya shigar da buƙata a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, inda Mai Shari'a Taiwo Taiwo ya ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. A Janairun 2022 gwamnati ta fitar da wannan umarni a kundin sanarwarta. A watan Mayun shekarar kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar hana ta'addanci, wadda ta maye gurbin ta 2011 da aka yi wa gyara a 2013. A ƙarƙashinta, shari'ar ta'addanci ta Babbar Kotun Tarayya ce, kuma ofishin Babban Lauyan Tarayya ne ke da alhakin gabatar da ita. Fashi da satar shanu da garkuwa da mutane kuwa, idan an tuhumi mutum da su a ƙarƙashin dokar Jihar Katsina, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a ta jiha ne ke kai su Babbar Kotun Jiha. Tun 2019 jihar ta tsananta hukuncin garkuwa da mutane da satar shanu har zuwa kisa.

Inda rigakafin yake shi ne, dokar tarayya ba ta jira sai an zubar da jini. Shiga ƙungiyar da aka haramta laifi ne da kansa. Haka jawo mata sababbin yara, da tara mata kuɗi, da ba ta mafaka, da kai mata kaya, da haɗa baki wajen shirya hari, da ɓoye labarin da zai iya hana shi. Kotu na iya ba da umarnin rufe asusun banki da ake zargin kuɗin ta'addanci na bi ta cikinsa. Ke nan mai gabatar da ƙara na iya shiga tsakanin ɗan bindiga da abin da yake buƙata tun kafin ya tayar da babur. Ka san daji ba ya tsirar da man fetur, ba ya fitar da burodi ko ƙwaya ko katin waya. Duk daga gari suke fita, ta hannun mutanen da muke sallah sahu ɗaya da su. A watan Disambar 2024, lauyoyin tarayya sun gurfanar da wasu mutane a Abuja bisa zargin kai wa Bello Turji da wasu jagororin daba abinci da ƙwayoyi da kakin jami'an tsaro, har da siminti da kwanon rufi. Sun musanta, kuma a idon doka ba su da laifi sai kotu ta tabbatar. Amma dubi jerin kayan kawai, za ka gane irin igiyar da ke riƙe da sansanin daji. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma, kotu ta ɗaure 'yan Nijeriya shida a 2019 saboda tura wa Boko Haram dala 782,000, biyu daga cikinsu ɗaurin rai-da-rai. Laifin da aka kama su da shi na tura kuɗi ne, ta hanyar bin takardun tura kuɗin.

Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ɗanɗani wata hanyar ta yanke wannan igiya. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Masari ya hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ya hana sayar da mai a jarka, ya dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin waɗannan ƙananan hukumomi da wasunsu. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Niyyar mai kyau ce, amma kowa ya sha wuya: mai naƙuda da ba a iya kira mata mota ba, da manomin da ya rasa inda zai sayar da akuya ya sayi magani, da ƙauyen da aka shigo wa ba su da hanyar neman ɗauki. Kotu na yin wannan aikin ne mutum-mutum. Ta kama wanda ke kai jarkar, ta bar sauran jama'a su sayi mansu. Sharaɗinta guda ne, a kawo mata hujja.

Nan ne gizo ke saƙa. A shari'o'in da aka fara a barikin soja na Wawa kusa da Kainji a Jihar Neja, cikin Oktoban 2017, an samu mutum 45 da laifi, aka sallami 468. A zagaye na biyu, Fabrairun 2018, an ɗaure 205, aka sallami 526. A Yulin 2024 an yanke wa 125 hukunci, 85 daga cikinsu kan samar wa ta'addanci kuɗi. Mafi yawan waɗannan shari'o'i na rikicin Boko Haram ne, amma darasin namu ne. Ɗaruruwan da aka sallama sun shafe shekaru a tsare ba tare da an samu abin da za a riƙe su da shi ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma sun koka cewa da yawa daga cikin hukunce-hukuncen farko sun dogara ne da amsa laifi kawai. Shari'ar da ba ta da shaida daga waje takan cutar da marar laifi, ta kuma kuɓutar da mai laifi.

Wannan ne amsar tambayar da ake yawan yi a majalisa da gidan biki: me ya sa ake kama infoma yau, bayan mako biyu a gan shi a kasuwa? Wani lokaci akwai hannun ɓata-gari cikin jami'ai, wannan ba a musu. Amma sau da yawa fayil ɗin ne ke isa teburin lauyan gwamnati ba komai a ciki sai kalmar nan ta kowa ya san shi. Alƙali ba ya ɗaure mutum da kowa ya sani. Kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma Dokar Shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar amsa laifin da aka samo ta hanyar duka ko azaba. Wannan kariya ce gare ki, uwa, ranar da wani maƙiyi zai nuna ɗanki da yatsa don wata tsohuwar gaba ta gona ko ta neman aure. Ita ce kuma ke sa a saki wanda kika tabbata shi ya nuna gidanku, idan babu wanda ya je ya faɗi abin da ya gani. Ki kuma sani, beli ba wanke mutum ba ne. Shari'a na nan, sai dai takan mutu idan an kira shaidu sau uku, sau huɗu, ba wanda ya zo.

To, me ke hannun iyali? Fiye da yadda muke zato. Gidan da aka ɗauke wa mutum yakan yi makonni yana magana da masu garkuwar, kuma kowane kira yana barin sawu. Akwai lambar da aka kira da ita, da rana da lokaci, da muryar da aka naɗa. Akwai lambar asusun da aka ce a tura kuɗi, da takardar mai POS, da lambobin katin wayar da aka tura, da shagon da aka ce lallai a can za a sayi babur, da wurin da aka ce a ajiye kaya. Wanda ya dawo kuma ya ji sunaye da laƙabi, ya ga masu kawo abinci da masu zuwa yin allura. Sashe na 84 na Dokar Shaida ya ba kotu damar karɓar bayanan waya da na kwamfuta idan an cika sharuɗɗansa. Amma me muke yi? Ranar da namu ya dawo, sai mu goge komai, mu karya layin, mu ce a bar wa Allah. Barin wa Allah ba ya hana adana shaida. Maigida, ka samu littafi ka rubuta komai da kwanan wata tun abin bai shige maka ba. Kada ka goge wayar, kada ka sayar da ita. Idan naka ya dawo, hankali ya kwanta, ka kai rahoto, ka nemi a ba ka lambar ƙorafin da sunan jami'in da ke bincike. Idan ba ka natsu da ofishin da ke kusa da kai ba, akwai hedikwatar 'yan sanda da ofishin hukumar DSS a Katsina, kuma kana iya tafiya da lauya ko wani dattijo da ka amince da shi. Lambar asusu ɗaya da ta fito a rahoton gida uku, ɗaya a Faskari, ɗaya a Sabuwa, ɗaya a Ƙanƙara, ta isa ta kai mai bincike ƙofar wanda ke tara wa daba kuɗi.

Na san abin da ke ranka. Wanda ya ba da shaida a Katsina ko Abuja, ƙauyensu zai koma ya kwana, inda babu soja babu katanga. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ba wanda ya isa ya kira mai shi matsoraci. Iyalan matan nan 'yan rakiyar amarya da aka kwashe a kusa da Damari ta ƙaramar hukumar Sabuwa a farkon Fabrairun 2024 ba sa buƙatar a yi musu bayanin abin da 'yan bindiga ke iya yi. Abin da ya kamata ka sani shi ne, sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, da ita kanta dokar 2022, sun ba alƙali ikon ɓoye suna da adireshin mai shaida a shari'ar ta'addanci. Yana iya barinsa ya yi magana a bayan labule, ko fuska a rufe, ko ta bidiyo daga wani wuri. An sha yin haka a Babbar Kotun Tarayya. Mai gabatar da ƙara ne ke roƙon kotu wannan kariya, saboda haka ka nema tun ranar farko, kafin ka sa hannu a kan kowace takarda.

Akwai kuma gefen da ba mu cika son ji ba. Idan gari ya kama wanda yake zargi ya kashe shi nan take, an binne shaida, an kuma buɗe ƙofar ramuwa. Rugagen da aka ƙona da mutanen da aka kashe a kasuwa don kawai kamanninsu ko harshensu, su ma 'ya'yan wasu ne, kuma da irin wannan ɓacin rai jagororin daba ke jan yara zuwa daji. Kai wa mutum hari saboda ƙabilarsa laifi ne ko wane ne ya aikata, kuma lauyan gwamnatin da ya gurfanar da mai kashe manomi ya kau da kai daga mai kashe makiyayi bai hana hari na gaba ba. Su kansu masu ɗaukar doka a hannu ba su tsira ba. A farkon Fabrairun 2023 'yan sanda sun tabbatar da kashe 'yan sa-kai 41 a wani kwanton ɓauna a dajin 'Yargoje na Ƙanƙara, lokacin da suka bi sawun shanun da aka sace. Allah ya jiƙansu. Gidaje nawa ke nan aka bari da marayu a yini guda?

Sai batun sulhu. Ba zan zargi manomin da ya samu ya shiga gonarsa bayan shekaru, ko uwar da aka dawo mata da 'yarta, don sun yi maraba da shi ba. Wanda ke cikin rana shi ya san daɗin inuwa. Amma mu riƙa tuna tarihi. Masari ya yi sulhu a 2019, a 2020 ya fito ya ce an ci amanarsa. Bayan kisan da aka yi a Kadisau ta Faskari a watan Yunin 2020, 'yan sandan Katsina sun sa ladan naira miliyan 5 a kan Ado Aleru. A Yulin 2022 aka naɗa shi Sarkin Fulani a 'Yandoto ta Jihar Zamfara, abin da ya jawo dakatar da sarkin da ya naɗa shi. A 2025 aka gan shi bainar jama'a a taron sulhu a ƙaramar hukumar Faskari. A farkon 2026 kuma an yi ta ce-ce-ku-ce kan shirin sakin mutum 70 da ake tsare da su a Katsina a matsayin wani ɓangare na sulhun. Sashe na 174 da na 211 na kundin tsarin mulki sun ba Babban Lauyan Tarayya da na jiha ikon janye ƙara, amma sun ɗora musu sharaɗin duba maslahar jama'a da adalci. Matan da aka kashe wa maza a Kadisau suna cikin jama'ar nan. Idan har za a yi sassauci, a yi shi a gaban alƙali, a rubuce, bayan mutum ya faɗi wa ke sayar masa da makami da wa ke ajiye masa kuɗi. Dokar 2015 ta tanadi irin wannan yarjejeniya ta sassauci ga wanda ya amsa laifi ya ba da haɗin kai.

Su ma masu gabatar da ƙarar muna bin su bashi. Akwai reshen Babbar Kotun Tarayya a Katsina, babu dalilin da zai sa talakan Sabuwa ya riƙa neman kuɗin motar Abuja don ba da shaida. Su daina barin shari'a tana rubewa da ɗage zama. Khalid al-Barnawi na ƙungiyar Ansaru an kama shi a Lokoja tun 2016, an gurfanar da shi a 2017, amma shari'ar ta kai har 2025 ana jan ta. Su bambance tsakanin wanda ya mai da kai wa daji kaya sana'a da manomin da aka ɗora wa harajin girbi da bakin bindiga, domin na biyun wanda aka zalunta ne, kuma shi ne shaidar da suke nema. Idan an yanke hukunci, a sanar da shi da Hausa a gidajen rediyo, yaron da ake zawarcinsa da naira dubu biyar don ya kai jarka ya ji abin da ya sami wanda ya riga shi. Wakilanmu a majalisar jiha da ta tarayya kuma mu riƙa tambayarsu, cikin waɗanda aka nuna wa 'yan jarida da ankwa a bara, nawa aka kai kotu, nawa aka yanke wa hukunci?

Iyaye, mu kuma mu duba cikin gida. Yaron da ba shi da sana'a ya wayi gari da sabuwar waya da sabon babur, a zaunar da shi a tambaye shi tun kafin hukuma ta tambaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ina jiran ra'ayoyinku a ƙasa, musamman waɗanda suka taɓa kai rahoto ko suka tsaya shaida: me kuka tarar, me ya taimaka, me ya kawo cikas? Roƙona ɗaya, kada kowa ya rubuta sunan wani ko unguwarsu ko lambar wayarsa a nan. Zargi a intanet yana iya sa a kashe marar laifi, yana kuma ankarar da mai laifi ya gudu. Wanda ke da suna ya kai shi inda za a rubuta shi a fayil. Allah ya dawo mana da waɗanda ke hannu lafiya, ya ba yankinmu zaman lafiya mai ɗorewa. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka ya kai mu.